Richard Hamming: Masanin lissafin da ya koya wa kwamfuta gyara kuskure da kanta

Richard Wesley Hamming masanin lissafi ne ɗan ƙasar Amurka da ya rayu daga shekarar 1915 zuwa 1998. Shi ne ya fito da hanyar da na'ura za ta gane cewa saƙon da ya iso gare ta ya gurɓata a hanya, ta gano daidai gurbin da ɓarnar take, sannan ta gyara da kanta ba tare da ta jira hannun mutum ba. Fiye da shekara 70 ke nan da wallafa wannan dabara, kuma har yau tana aiki a cikin manyan kwamfutocin bankuna da na kamfanonin sadarwa, waɗanda kuɗin jama'a da saƙonninsu ke ratsawa dare da rana.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi a birnin Chicago na Jihar Illinois ranar 11 ga Fabrairun 1915. A nan ya tashi, ya yi sakandare a makarantar fasaha ta Crane, ya kuma ci gaba a ƙaramar kwalejin da ke ɗauke da wannan suna. Burinsa tun yana yaro shi ne ya zama injiniya, sai dai lokacin shigarsa jami'a ya zo daidai da mummunan karayar tattalin arzikin da ta afka wa Amurka daga 1929, wadda ta jefa miliyoyin mutane cikin rashin aikin yi. Gidansu ba su da halin biya masa kuɗin karatu, kuma jami'a ɗaya ce tak ta ba shi tallafi, wato Jami'ar Chicago, ita kuwa ba ta da sashen koyar da aikin injiniya. Dole ta sa ya koma fannin lissafi, ya kammala digirin farko a 1937.

Daga nan ya wuce Jami'ar Nebraska inda ya sami digiri na biyu a 1939, sannan Jami'ar Illinois da ke Urbana, inda ya kammala digirin digirgir a 1942 a ƙarƙashin kulawar Farfesa Waldemar Trjitzinsky. A watan Satumbar wannan shekara ya auri abokiyar karatunsa Wanda Little. Sun zauna tare har ƙarshen rayuwarsa, Allah bai ba su haihuwa ba. Ya fara koyarwa a jami'ar da ya gama, kafin ya koma Jami'ar Louisville ta Jihar Kentucky a 1944, yana ganin cewa rayuwarsa za ta ƙare ne a matsayin malamin lissafi a wata ƙaramar jami'a.

A sansanin ƙera bam

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya masa alƙibla. A watan Afrilun 1945 aka kira shi zuwa Los Alamos, wani keɓantaccen sansani a kan tsaunukan Jihar New Mexico, inda Amurka ta tara masana kimiyya suna ƙera makamin nukiliya a asirce. An sa shi a sashen da masanin fiziya Hans Bethe ke jagoranta, aka ɗora masa kula da injinan lissafi na kamfanin IBM masu aiki da kati mai huji, waɗanda ke warware lissafin da masanan suka kasa yi da hannu. Matarsa ma ta biyo shi, ta kama aikin lissafi a sansanin.

Wani abu da ya faru a can ya zauna masa a rai har tsufansa. Gab da gwajin bam na farko, wani masani ya miƙa masa lissafi ya ce ya duba masa ko akwai kuskure. Da ya tambayi abin da lissafin ya ƙunsa, sai aka gaya masa cewa ana auna yiwuwar zafin bam ɗin ya kunna wa iskar sararin duniya wuta ne baki ɗaya. Hamming ya duba, ya tabbatar da cewa tarawa da ninkawar daidai suke, amma ya san cewa ba shi da ilimin da zai tantance ƙa'idojin fiziyar da aka gina lissafin a kansu. An yi gwajin ranar 16 ga Yulin 1945, iskar duniya ba ta kama wuta ba, sai dai makonni uku bayan haka aka jefa irin wannan makami a biranen Hiroshima da Nagasaki na Japan. Daga wannan lokaci ya riƙa kallon kuskuren lissafi a matsayin abin da ka iya cin rayukan mutane.

A 1946 ya bar sansanin. Motar da ya yi tafiyar da ita tsohuwa ce da ya saya a hannun abokin aikinsa Klaus Fuchs. Bayan 'yan shekaru aka gano cewa Fuchs yana miƙa wa Tarayyar Sobiyet asirin makamin, kuma saboda wannan ciniki na mota sai da hukumar bincike ta FBI ta yi wa Hamming tambayoyi.

Aikin da ya lalace a ƙarshen mako

Ya kama aiki a cibiyar bincike ta kamfanin wayar tarho na Amurka, wadda aka fi sani da Bell Labs. A nan ya taɓa zama ofis ɗaya da Claude Shannon, mutumin da ya kafa ilimin auna bayanai da lissafi, ya kuma yi aiki da irin su John Tukey da Brockway McMillan.

Kwamfutar da ya samu a wurin ba ta yi kama da ta yanzu ba. Ƙatuwar na'ura ce mai cika ɗaki, an haɗa ta da makunnai kusan 9,000 masu buɗewa da rufewa da ƙarfin maganaɗisu, irin waɗanda ake sa wa a ofisoshin haɗa layin tarho. Ana ba ta umarni ta hanyar dogon zaren takarda mai huji. Ƙura kaɗan ko gajiyar ƙarfe ta isa ta hana makunni ɗaya rufewa, kuma hakan na faruwa sau biyu ko uku a rana. Waɗanda suka ƙera na'urar sun san da haka, don haka suka sa mata hanyar gane kuskure. Idan ta lura lamba ta lalace, sai ta tsaya ta kunna fitila, ma'aikaci ya zo ya duba.

Matsalar ita ce Hamming ba ya cikin waɗanda ake ba na'urar a ranakun aiki. Rabonsa shi ne ƙarshen mako, lokacin da babu ma'aikaci ko ɗaya a wurin. A irin wannan lokaci an tsara na'urar ta yadda idan ta ci karo da kuskure za ta watsar da aikin da take kai ta kama na gaba. A 1947 ya ɗora mata lissafi ranar Juma'a da yamma, ya dawo Litinin da safe ya tarar ta watsar da shi tun a farko. Ya sake ɗorawa a Juma'ar da ta biyo baya, aka sake maimaita haka, ga abokan aiki na jiran sakamako. Cikin wannan takaici ne ya yi wa kansa tambayar da ta buɗe sabon fanni a ilimin lissafi: tun da na'urar tana iya sanin cewa an yi kuskure, me zai hana a tsara ta ta san inda kuskuren yake, ta gyara, ta ci gaba da aikinta?

Yadda dabarar take

Duk abin da ke cikin kwamfuta, rubutu ne ko hoto ko adadin kuɗi, jerin ƙwayoyi ne da kowace ɗaya ba ta wuce ɗayan biyu: sifili ko ɗaya. Waɗannan ƙwayoyi suna kai da komo tsakanin ƙwaƙwalwar na'ura da ma'adanarta da sauran sassa, a kan wasu siraran layukan tagulla da aka shimfiɗa jere da juna. Injiniyoyi suna kiran wannan hanya bas, kamar motar haya, domin kowane sashe a kanta yake ɗora kayansa. Zafi, ko rawar wutar lantarki, ko maƙwabcin layi, ko tsufan kayan aiki, kowannensu na iya juya sifili ya koma ɗaya a tsakiyar tafiya. Ƙwaya ɗaya tak idan ta juya a gurbi mai nauyi, adadi na iya ƙaruwa ko ya ragu da dubbai.

Tsohuwar hanyar tsaro ta yi kama da abin da 'yan kasuwa suka saba. Mai hatsi a Kebbe idan ya yi lodin buhuna zuwa Sakkwato, yakan rubuta adadinsu ya ba direba. Mai karɓa ya ƙirga, in bai cika ba ya san an sami matsala, amma takardar ba za ta gaya masa a ina aka samu ba. Haka na'urorin farko suke yi. Ana ƙara ƙwaya guda a kan saƙo domin yawan ɗaya-ɗayan da ke ciki ya zama mai rabuwa gida biyu daidai. Idan saƙo ya iso aka ƙirga aka ga ragowa, an san ya lalace, iyakar abin da aka sani ke nan.

Hamming ya ce a sa masu gadi fiye da ɗaya, kowane ya lura da wani rukuni, kuma rukunonin su shiga cikin juna. A mafi sauƙin tsarinsa, ana aika ƙwaya huɗu na saƙo tare da ƙwaya uku na gadi, jimilla bakwai. Masu gadin suna zaune a gurbi na 1 da na 2 da na 4, saƙon kuma a gurbi na 3 da 5 da 6 da 7. Mai gadi na gurbi 1 yana lura da gurabe 1, 3, 5, 7. Na gurbi 2 yana lura da 2, 3, 6, 7. Na gurbi 4 kuma yana lura da 4, 5, 6, 7. Kowane mai gadi zai zama sifili ko ɗaya, gwargwadon abin da zai sa ɗaya-ɗayan rukuninsa su rabu biyu ba ragowa.

A ɗauka ana son aika 1011. Bayan an zuba shi a gurabensa an cike na masu gadi, abin da zai hau hanya shi ne 0110011. A ce a hanya ƙwaya ta shida ta juya, saƙo ya iso a matsayin 0110001. Mai karɓa zai ƙirga rukunin farko ya sami ɗaya guda biyu, lafiya lau. Rukuni na biyu zai ba shi guda uku, akwai ragowa. Rukuni na uku zai ba shi guda ɗaya, nan ma akwai ragowa. Masu gadin da suka yi ƙorafi su ne na gurbi 2 da na gurbi 4, idan aka tara 2 da 4 kuwa 6 ke nan, wato gurbin da ya lalace. Tun da ƙwaya ba ta wuce hali biyu, sanin wurin shi ne gyaran: a juya ta kawai. Kowane gurbi daga cikin bakwai ɗin yana da nasa haɗin masu ƙorafi da ba ya kama da na wani, shi ya sa ba a rikicewa.

Ya kuma nuna cewa idan aka ƙara mai gadi guda a kan saƙon gaba ɗaya, na'ura za ta gyara kuskure ɗaya, ta kuma gane idan biyu suka faru a tare, ko da ba za ta iya gyara su ba. Daga nan ya fito da ma'aunin da ake kira tazarar Hamming, wato yawan guraben da jeri biyu suka saɓa wa juna. Idan duk saƙonnin da aka amince da su suna da tazarar aƙalla uku a tsakaninsu, to wanda ya lalace a gurbi ɗaya zai fi kusa da asalinsa fiye da kowane saƙo daban.

Takardar mallaka da jinkirin da ta jawo

Kamfanin da yake wa aiki ya ga akwai kuɗi a cikin wannan tunani, don haka lauyoyinsa suka hana a wallafa shi sai an nemi takardar mallakar ƙirƙira. Ga shi kuma hukuma ba ta ba da irin wannan takarda a kan tsurar lissafi, sai an nuna na'urar da za ta aiwatar da shi. Sai aka haɗa Hamming da injiniya Bernard Holbrook, suka zana da'irar makunnai mai gano kuskure da gyara shi. An shigar da buƙatar a watan Janairun 1950, aka ba su takardar mai lamba 2,552,629 a watan Mayun 1951.

Jiran ya ja masa asara. Shannon ya kawo misalin tsarin ƙwaya bakwai a shahararriyar maƙalarsa ta 1948, ya kuma ambaci sunan Hamming a matsayin mai shi. Wani masani haifaffen Suwizalan mai suna Marcel Golay ya karanta misalin, ya faɗaɗa shi, ya wallafa sakamakon a wani gajeren rubutu a 1949. Maƙalar Hamming kuwa ba ta fito ba sai a watan Afrilun 1950, a mujallar Bell System Technical Journal. Wannan ya haifar da muhawarar da ta daɗe tsakanin masana kan wa ya riga wa, duk da cewa sunan Hamming ne ya bi tsarin.

Ita kanta mallakar ba ta daɗe a kulle ba. A 1956 kamfanin AT&T, uwar cibiyar Bell, ya sasanta da gwamnatin Amurka a shari'ar da ta shigar kansa kan babakere a harkar sadarwa. Cikin sharuɗɗan sulhun har da barin sauran kamfanoni su yi amfani da dubban ƙirƙire-ƙirƙiren da ya riga ya mallaka ba tare da biyan ko sisi ba.

Inda ake cin moriyarta

Kamfanin IBM ya sa wannan tsari a babbar kwamfutarsa mai suna Stretch da ta fito a 1961, inda kowace ƙwaya 64 ta bayani ke tafiya da ƙwaya 8 na gadi. Wannan lissafi na 72 shi ne aka daɗe ana bi a ma'adanar manyan kwamfutocin da bankuna da asibitoci da kamfanonin waya ke ajiye bayanai a ciki. Buƙatar hakan ta ƙara fitowa fili a 1978, lokacin da masu bincike a kamfanin Intel suka gano cewa ɗan burbushin sinadari mai fitar da tururin nukiliya da ke cikin kwanson ma'adana yana iya juya ƙwaya ba tare da wani abu ya lalace a zahiri ba. Fasahar Bluetooth ma tana amfani da wani nau'i na tsarin Hamming wajen kare wasu saƙonninta.

Ƙofar da ya buɗe wasu sun shiga sun yi nisa. A 1960 Irving Reed da Gustave Solomon suka fito da tsarin da ke gyara ɓarna mai yawa a jere, wanda shi ne ke sa faifan CD ya ci gaba da waƙa duk da ƙarzuwa, kuma shi ke sa waya ta karanta alamar QR ko da wani ɓangarenta ya goge. A 1961 Wesley Peterson ya gabatar da wata hanyar tantance saƙo da ake amfani da ita yau a igiyar USB da layukan intanet da na'urorin cikin mota.

Mai sana'ar POS a Tambuwal ko Dogon Daji yana hulɗa da dangin wannan tunani kullum. Lambar asusun banki mai guda 10 da Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarinta a 2010, ta ƙarshenta mai gadi ce, ana lissafo ta ne daga sauran tara da lambar bankin. Idan yatsa ya kuskure lamba ɗaya, lissafin ba zai fita ba a wannan banki, sai a ƙi karɓa. Sai dai wannan irin tsohuwar hanyar ce, ganowa kawai take yi ba ta gyarawa, kuma ba ta hana a tura kuɗi zuwa sahihin asusun wani mutum daban. Don haka duba sunan mai asusu kafin a tura kuɗi bai zama wahalar banza ba.

Halayensa da sauran ayyukansa

Hamming ya yi shekara 30 a cibiyar Bell. A 1956 shi da Ruth Weiss suka tsara wani harshen ba kwamfuta umarni mai suna L2 domin na'urar IBM 650. Ya yi aiki a kan tace sauti da siginar lantarki, inda har yau akwai wata dabara da ake kira tagar Hamming. Ya shugabanci ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM daga 1958 zuwa 1960, ya kuma wallafa littafi kan hanyoyin lissafi da na'ura a 1962, wanda a cikinsa ya dage cewa amfanin lissafi da kwamfuta shi ne mutum ya fahimci abin da yake nazari, tulin lambobi kaɗai ba ya wadatarwa.

An san shi da faɗin gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Yakan zauna cin abincin rana da masanan wasu fannoni, ya tambaye su waɗanne ne manyan matsalolin fanninsu, bayan kwana biyu ya dawo ya tambaye su a kan me suke aiki, sannan ya tambaye su dalilin da ya sa amsoshin biyu suka bambanta. Wannan ya sa wasu suka daina maraba da shi a teburinsu. A wata lacca da ya gabatar a watan Maris na 1986, wadda ɗalibai ke karantawa har yanzu, ya bayyana cewa ya lura masu rufe ƙofar ofis sun fi gama aiki a yau da gobe, amma bayan shekaru masu barin ƙofa a buɗe ne ke sanin wace matsala ce ta cancanci a kashe mata lokaci. Shi da kansa yakan keɓe yammacin kowace Juma'a domin tunani kan inda fanninsa ya dosa.

A 1968 aka ba shi lambar yabo ta Turing, mafi daraja a ilimin kwamfuta, shi ne mutum na uku da ya karɓe ta. An zaɓe shi cikin Cibiyar Injiniyoyi ta Ƙasar Amurka a 1980, wato ya shiga sahun injiniyoyin da talauci ya hana shi zama ɗayansu yana saurayi. Ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta ƙirƙiro lambar yabo da sunansa, shi ne kuma ya fara karɓarta a 1988.

Koyarwa da mutuwarsa

A 1976, yana da shekara 61, ya ajiye aikin bincike. Ra'ayinsa shi ne masani idan ya manyanta gara ya ba matasa wuri, ya koma koyar da su. Ya tare a birnin Monterey na Jihar Kalifoniya, ya kama koyarwa a makarantar ƙaro ilimi ta sojojin ruwan Amurka, inda ya shafe shekara 21 yana koyar da hafsoshi lissafi da kwamfuta. A wannan zamani ya rubuta littattafai da dama, na ƙarshensu ya fito a 1997, kuma ya ƙunshi darussan da ya riƙa bayarwa kan yadda masani zai koyi koyo da zaɓen aikin da ya dace.

Ya yi ritaya a watan Yunin 1997 amma bai bar aji ba, domin a watan Disambar wannan shekara ya gabatar da laccarsa ta ƙarshe. Bayan 'yan makonni, ranar 7 ga Janairun 1998, ya mutu a Monterey sakamakon bugun zuciya, saura wata guda da 'yan kwanaki ya cika shekara 83. Ya bar matarsa Wanda. Ƙungiyar IEEE na ci gaba da ba da lambar yabon da ke ɗauke da sunansa ga waɗanda suka yi fice a ilimin adana bayanai da aika su.